Kwabon da Ba na Sarki Ba

A birnin Landan, a shekarun 1660, idan lebura ya shiga mashaya ya sha na rabin kwabo ya miƙa kwabon azurfa, canjin da mai gidan zai danƙa masa ba kuɗin hukuma ba ne. Wata 'yar kwandala ce ta tagulla, faɗinta bai fi na maɓallin riga ba. A fuska ɗaya akwai hoton nan da ke rataye a ƙofar mashayar, ko ƙararrawa, ko jirgin ruwa, ko zakara, sannan a kewaye an rubuta sunan mai gidan da unguwarsa. A ɗaya fuskar sau da yawa za ka ga haruffa uku a girke kamar duwatsun murhu: na sama harafin farko ne na sunan zuriyarsu, biyun da ke ƙasa kuwa na mijin ne da na matarsa. Leburan zai karɓa ba gardama, ya wuce wurin mai burodi, shi ma ya karɓa. Babu hatimin sarki a jikinta, babu dokar da ta tilasta wa kowa ya amsa, tagullar da ke cikinta kuma ba ta kai darajar da aka rubuta mata ba. Duk da haka ta sayi burodi. Wannan 'yar kwandala ta jefa mu cikin tambayar da malaman fiƙihu da masana falsafa suka daɗe suna kai da kawowa a kanta: me ke sa abu ya zama kuɗi, kuma wa ke da ikon ya ce ya zama?

Sai an fara sanin abin da ya haife ta. Kuɗin Ingila na azurfa ne tun fil azal, kwabo goma sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam ɗaya. Da farashin kaya ya yi ta hawa, kwabon azurfa ya yi ta ƙanƙancewa, har rabin kwabo ya zama kamar ɓawon kifi, wanda in ya faɗi ƙasa sai an durƙusa ana lalube. Rubu'in kwabo na azurfa kuwa tun tsakiyar ƙarni na 16 aka daina buga shi. Ga shi kuma maƙeran gidan buga kuɗi ba su da sha'awar ƙananan kuɗi, domin wahalar buga kwabo ɗaya kusan ita ce wahalar buga sule ɗaya, ladan kuwa ba ɗaya ba. Attajiri bai damu ba, cinikinsa na fam ne da takardar bashi. Wanda abin ya ci shi ne leburan da ke samun kimanin sule ɗaya a yini, yana sayen kyandir ɗaya, gishirin miya ɗaya, gutsuren burodi. A 1613 Sarki James na Ɗaya ya ba wani bafadensa, Lord Harington, izinin buga rubu'in kwabo na tagulla, ribar kuma a raba da sarki. Kwandalolin suka fito marasa nauyi, masu jabu suka cika gari da irinsu, waɗanda suka gaji izinin suka riƙa noƙewa in an kawo musu a canja da azurfa, har majalisa ta dakatar da su a 1644. Aka ci gaba da yaƙin basasa, aka fille kan Sarki Charles na Ɗaya a watan Janairun 1649, kuma a daidai wannan lokaci ne masu kantin kayan miya, da masu kyandir, da masu burodi, da masu masauki da mashaya suka fara buga nasu. Daga 1648 zuwa 1672 abin ya game ƙasar. Kundin da George Williamson ya fitar tsakanin 1889 da 1891 ya lissafa iri fiye da 12,000, kuma an ci gaba da gano wasu bayansa. Hukumomin garuruwa irin su Bristol da Oxford da Norwich su ma sun buga nasu, wasu har suka rubuta a jiki cewa don amfanin matalauta aka yi. Akwai zawarawa cikin masu bugawa. Akwai ma wani gidan shan gahawa a Landan da ya sa hoton Sarkin Turkiyya Murad a tasa kwandalar, domin a idon Bature na lokacin gahawa abin shan Turkawa ne.

John Evelyn, wani malamin fada da ya rubuta littafi kan tsofaffin kuɗi a 1697, ya ambaci waɗannan kwandaloli da raini, yana cewa kowace mashaya ta ɗauki wa kanta ikon buga su, kuma da ƙyar suke wuce layi ɗaya ko biyu daga inda aka buga su. Ya faɗi haka ne don ya nuna ƙasƙancinsu, amma a ganina a cikin wannan rainin ne asirin abin yake. Me ya sa ba su wuce layi biyu? Domin a nan ne iyakar inda aka san mai gidan. Sunan da unguwar da hoton ƙofar ba ado ba ne. Adireshi ne, an buga shi da hoto saboda wanda bai iya karatu ba, kuma ma'anarsa ita ce: duk wanda ya riƙe wannan, ya zo ƙofar nan ya same ni, zan ba shi azurfa. Mai burodi bai karɓi tagulla ba, ya karɓi alkawarin maƙwabcinsa, wanda ya san gidansa, ya san matarsa, ya san ba zai kwashe tukwanensa ya gudu cikin dare saboda rabin kwabo ba. Masu shaguna sukan ajiye akwati mai ɗakuna da yawa, suna ware kwandalar kowa a ɗakinta, in ta taru su mayar wa mai ita, har aka sami mutanen da sana'arsu ke nan, canjin waɗannan ƙananan kuɗi. Abin da nake son in tsayar a nan shi ne, kuɗi alkawari ne da ke tafiya daga hannu zuwa hannu, darajarsa tana zuwa ne daga yiwuwar a cika shi, kuma ikon buga shi nauyi ne tun kafin ya zama gata. Kwandalar mashaya ba ta ɓoye wannan ba, ta rubuta shi ɓaro-ɓaro a goshinta. Kuɗin sarki ne ke lulluɓe shi da kambi da rubutun Latin, har mutum ya zaci daga kambin darajar ke fitowa.

Mai musu na farko zai ce wannan wasa da hankali ne: kuɗi na gaskiya zinariya ce da azurfa, sauran duk inuwarsu ne, kuma shi kansa alkawarin mai mashaya ai alkawarin azurfa ne. Wannan ra'ayi yana da manya a bayansa. Masanin falsafa John Locke ya tsaya a kansa a muhawarar da aka yi a Ingila a 1695, yana cewa nauyin azurfar da ke cikin sule shi ne sulen. Tun kafin shi, masanin tarihin Masar, Maƙrizi, a littafin da ya rubuta a 1405 kan yunwa da tsadar da suka addabi ƙasarsa, ya ɗora babban laifi a kan fulus, wato ƙananan kuɗin tagulla da mahukuntan Mamluk suka cika kasuwa da su har suka kori dirhami, kuma ya nemi a koma ga zinariya da azurfa. Ba za a yi watsi da shaidar mutumin da ya ga abin da idonsa ba. Sai dai in an duba da kyau, abin da Maƙrizi ya gani ba laifin tagulla ba ne, laifin masu buga ta ne ba iyaka don neman riba. Malaman da suka gabace shi kuwa ba su ɗaure kuɗi ga ƙarfe biyu kaɗai ba. A cikin Mudawwana, wadda kowane ɗalibin mazhabar Malikiyya a ƙasar Hausa ya san matsayinta, Imam Malik ya hana a musanya fulus da zinariya ko azurfa a kan jinkiri, ya ƙara da cewa ko fatu ne mutane suka amince da su a tsakaninsu har suka zama musu kuɗi bugagge, zai ƙi a sayar da su da zinariya ko azurfa a kan jinkiri. Wato hukuncin kuɗi yana bin aikin da abu ke yi a hannun jama'a, ko da fata ce. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya taɓa tunanin yin dirhami da fatar raƙumi, aka ce masa in ya yi haka raƙuma za su ƙare, sai ya fasa. Lura, ba a ce masa fata ba ta iya zama kuɗi ba. Imam Gazali ya tafi nesa da haka, ya ce dinari da dirhami duwatsu ne da ba a ci ba a sha, an yi su ne su zama alƙalai tsakanin dukiyoyi, kamar madubi wanda ba shi da launin kansa amma yana nuna kowane launi. In haka ne, ita ma azurfar ba don kanta ake karɓarta ba, don ana sa ran wani zai karɓa gobe ne. Fifikonta a kan tagulla shi ne wahalar samunta tana hana mai buga ta wuce gona da iri. Wannan fifiko ne babba, amma fifikon takunkumi ne a bakin mai alkawari, ba wata daraja ce da aka halitta a cikin ƙarfen ba.

Musu na biyu ya fi wannan nauyi, kuma a kansa ya kamata a daɗe. Shi ne cewa buga kuɗi haƙƙin mai mulki ne shi kaɗai. A tarihin Musulunci alamomin sarauta biyu ne, a ambaci sunanka a huɗubar Juma'a, a kuma buga shi a kan kuɗi, kuma tun da Abdulmalik ɗan Marwan ya fitar da dinarinsa mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira, wanda ya buga kuɗi da sunansa ba da izini ba tamkar ya ɗaga tutar tawaye ne. An ruwaito daga Imam Ahmad ɗan Hambali cewa bai dace a buga dirhami ba sai a gidan bugu da izinin sarki, domin in an sakar wa mutane mara za su tafka manyan ɓarna. Alƙalan sarkin Ingila ma sun yanke a wata shari'a ta farkon ƙarni na 17, wadda ta taso daga gurɓatattun kuɗin da Sarauniya Elizabeth ta buga wa Ayalan, cewa abin da sarki ya kira sule shi ne sule, ko nawa ne azurfar cikinsa. A 1905 wani Bajamushe, Georg Friedrich Knapp, ya mayar da wannan cikakkiyar nazariyya, cewa kuɗi ɗan doka ne, hukuma ce ke haifarsa ta hanyar abin da ta yarda ta karɓa a haraji. Masu wannan ra'ayi suna da wata hujja da kwandalar mashaya da kanta ke ba su: me aka rubuta a jikinta? An rubuta rabin kwabon wane. To kwabon na wa? Na sarki. Mai mashaya bai ƙirƙiro ma'aunin kansa ba, aron na hukuma ya yi, kamar kaska a jikin sa.

Na yarda da rabin wannan magana, kuma rabin ba ƙarami ba ne. Ma'auni dole ya zama ɗaya. A kasuwar hatsi, in kowane mai awo ya zo da nasa mudun, ciniki ya zama rigima, shi ya sa hukumar kasuwa ke tsayar da mudu, mai tauye shi kuma ya gamu da hukunci a nan, ya gamu da wanda ya fi shi a gobe. Amma tsayar da mudu daban, mallakar geron da ake aunawa daban. Sarkin Ingila ya tsayar da kwabo a matsayin mudu, sannan ya bar kasuwa ba ƙaramin mudun da talaka zai auna cefanensa. Mai mashaya bai canja girman mudun ba, ya dai sassaƙa ƙarami daidai da na sarki ya ba maƙwabtansa aro. Kuma a duba dalilin da Imam Ahmad ya bayar: tsoron ɓarna. Bai ce hannun sarki na da wata albarka da ke mayar da ƙarfe kuɗi ba. Ya ce a tsare abin a wuri ɗaya don kada a cuci mutane. Hukuncin da aka gina a kan dalili kuwa yana tafiya ne tare da dalilinsa. To yaya ke nan in mai tsaron ne ke ɓarnar? Tsakanin 1544 da 1551 Sarki Henry na Takwas da magajinsa sun yi ta rage azurfar kuɗin Ingila suna cika shi da tagulla don biyan kuɗin yaƙi, har hancin hoton sarki a kan sule ya riƙa goguwa yana yin ja, mutane suka laƙaba wa Henry mai hancin tagulla. Kwandalolin Harington da hatimin sarki suka fito, kuma su ne aka ƙi fansa. Ibn Taimiyya, wanda ya rayu ƙarƙashin Mamluk, bai musanta ikon sarki ba, amma ya gindaya masa sharaɗi: ya buga fulus a kan ƙima ta adalci, kada ya mayar da bugun fatauci yana cin riba, kada kuma ya soke waɗanda ke hannun mutane ya fito da sababbi, domin hakan cin dukiyarsu ne. Wanda ya tsaya a layin banki a Najeriya a farkon 2023, lokacin da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 sababbin kuma suka ƙi wadata, ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan sharaɗi na ƙarshe. A Faransa ta ƙarni na 14 wani limamin coci, Nicole Oresme, ya isa ga matsaya mai kama da wannan ta tasa hanyar: kuɗi na al'umma ne, sarki mai buga musu ne kawai. Ikon nan amana ce, kuma mai riƙon amanar da ya bar aikin shekara da shekaru ba shi da bakin zargin wanda ya toshe ɓarakar da tsummansa.

Akwai musun da zai fito daga gidanmu, kuma shi ne ya fi ba ni wahala. Bahaushe zai ce: kai da ka ce kuɗi alkawari ne, wuri fa? Kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna ciniki da shi, har kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, har da Turawa suka kawo rabin kwabo aka sa masa suna ɗari saboda yawan wurin da ake canja shi. Babu sunan kowa a jikin wuri, babu ƙofar da za ka ƙwanƙwasa a fanshe shi. Daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kwaso shi, ya ratso teku ko hamada ya iso Kano, inda Heinrich Barth ya tarar a 1851 ana ba da wuri 2,500 a kan liyari ɗaya na azurfa. Ya kuma warware matsalar da ta gagari Ingila, domin da wuri ɗaya ko biyar kana iya sayen abin da babu kwandalar da ta kai shi ƙanƙanta. Ina alkawari a nan? Amsata ita ce alkawarin yana nan, sai dai ba a wuyan mutum ɗaya yake ba, a wuyan kasuwa duka yake: kowa na karɓa don ya tabbata na gaba zai karɓa, sarakuna kuma suna karɓar haraji da shi, wanda ya ƙara masa ƙarfi. Abin da ke tsare da shi nisan hanya ne da wahalar dako, tun da keso ɗaya, wuri zambar ashirin, kayan ƙato ne guda. Irin wannan alkawari ya fi na mai mashaya nisan zango nesa ba kusa ba, domin ba ya tsayawa a layi biyu. Amma rauninsa ya bayyana ranar da takunkumin ya kwance. Daga tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Hamburg da na Faransa suka fara jibgo wani wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar a jiragen ruwa, darajarsa ta yi ta zubewa, daga baya mulkin mallaka ya ture shi da kwabo da anini. Tsohuwar da ta tara wuri a tukunya tsawon rayuwarta, wa za ta kai ƙara? Alkawarin kowa da kowa, ranar da ya karye, ba na kowa ba ne. Don haka wuri bai rushe maganata ba, ya dai nuna cewa tsakanin nisan tafiyar kuɗi da sanin wanda za a kama in sun lalace akwai ciniki, in ka sami ɗaya ka rage ɗaya.

Ba kuma zan yi wa kwandalar mashaya kwalliyar da ba ta da ita ba. Mai alkawari mutum ne, yana mutuwa, yana karyewa, wani ma tun farko da niyyar cuta ya buga. Annobar 1665 ta kashe dubun dubatar mutanen Landan, gobarar 1666 ta cinye gidaje kimanin 13,000, kuma ba sai an faɗa ba, cikin matattu da waɗanda suka rasa matsuguni akwai masu sunaye a kan tagulla. Ƙofar da hoton ya nuna ta zama toka. Asarar kuwa a kan wa ta faɗa? A kan wanda dukiyarsa duka ƙananan kuɗi ce, wato talakan nan da aka ce don shi aka yi. Matafiyi ma ya sha wuya, domin canjin da aka ba shi a wannan gari ba ya sayen ruwa a na gaba. Saboda haka lokacin da Sarki Charles na Biyu ya yi shela a watan Agustan 1672 ya fitar da rabin kwabo da rubu'in kwabo na tagulla mai nauyi, ya kuma haramta na 'yan kasuwa, ya yi daidai. Amma a lura da jerin abin: ya kawo nasa sannan ya hana na wasu. Hanin ya sami ƙarfinsa ne daga cika aikin, kuma ko da hakan sai da aka maimaita shelar a shekarun da suka biyo kafin mutane su saki. Hujjar cewa daga cika aiki ikon ke fitowa ita ce abin da ya faru bayan ƙarni ɗaya. Hukuma ta sake yin sakaci, masana'antu suka yawaita, ma'aikata na jiran albashi ba ƙananan kuɗin biyansu, jabu ya fi na gaske yawa. A 1787 kamfanin haƙar tagulla na dutsen Parys a tsibirin Anglesey ya buga kwabonsa, mai nauyi da kyan bugu fiye da na sarki, da alkawarin fansa a Landan da Liverpool da Anglesey. Wani mai narkar da ƙarfe, John Wilkinson, ya sa hoton kansa a tasa kwandalar, a inda aka saba ganin na sarki. Sai a 1797 gwamnati ta ba Matthew Boulton na Birmingham kwangilar buga mata kwabo da injin tururi, aka sake samun ƙaranci a 1811 'yan kasuwa suka koma ruwa, majalisa ta haramta a 1817. Sau uku ana abu ɗaya, kuma kowane karo rashin canji ne ya riga kwandalar 'yan kasuwa zuwa.

Saura tambayar da mai karatu Musulmi ya riƙe tun daga layin farko: kuɗin da ya fito daga gidan giya, da sunan mai sayar da giya a jikinsa, ba ƙazanta ba ne? A nan tarihi ya sauƙaƙa mana. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, babu gidan buga kuɗi a Makka ko Madina. Dinarin da ake ciniki da shi na Rumawa ne, da hoton sarkinsu da gicciye, dirhamin kuma na Farisa ne, da hoton wurin bautar wuta. Da su aka yi sadaki, da su aka ƙayyade nisabin zakka. Addinin mai bugu ko sana'arsa ba su bin ƙarfe su shiga aljihun wanda ya karɓe shi a halastaccen ciniki. Mai burodin da ya karɓi rabin kwabon mashaya burodi ya sayar, kuma abin da yake bin mai mashaya azurfa ce. Inda matsalar take ba a sunan ba ne, a irin alkawarin ne, kuma Ingila ta ba mu misalin ɗaya gefen. A ƙarni na 19 mashayu sun sake buga wasu kwandaloli, galibi a maƙerun Birmingham, masu ƙimar kwabo ɗaya da rabi, ko biyu, ko taro. A ido kamar na dā suke: suna, adireshi, ƙima. Amma waɗannan ba a fansarsu da azurfa, da abin sha ake fansarsu, a gidan da ya buga su kaɗai. Ƙungiyoyin taimakon juna na ma'aikata, waɗanda ke taro a ɗakin saman mashaya, sukan biya hayar ɗakin ta hanyar sayen waɗannan kwandaloli su raba wa membobi, kowa ya sauka ya shanye rabonsa, mai sha da wanda bai so sha ba. Haka wasu masu ma'adinai da masaƙu suka riƙa biyan ma'aikata da kwandalar da ba ta aiki sai a kantin kamfani, inda kaya suka fi tsada, har majalisa ta yi dokar 1831 ta wajabta a biya ma'aikatan sana'o'i da yawa da kuɗin ƙasa.

Kwandala biyu ke nan, ƙarfe ɗaya, wataƙila ma sunan mashaya ɗaya, amma ta farko tana sakin mai riƙe da ita ya tafi inda ya ga dama, ta biyu kuwa igiya ce da ke jawo shi ya koma inda ya fito. Ta farko bashi ce a kan mai gida, ta biyu ciniki ne da aka ƙulla wa mutum tun bai ce yana so ba, kuma yardar juna da shari'a ta sa sharaɗin ciniki ba ta cika a cikinsa ba, balle abin da aka ƙulla ɗin ya zama giya. Ba sai an je Birmingham ba kafin a ga bambancin. A shagunan unguwa a yau, da kwandala ta ɓace daga hannun mutane, ƙananan takardu kuma suka yi wuya, mai shago yakan yi ɗayan biyu in canjin naira hamsin ya gagara. Wani zai buɗe littafinsa ya rubuta cewa Hajiya tana bin hamsin, gobe ta aiko yaro ya karɓa ko a cire mata a cefane. Wani kuma zai miƙo alewa biyu ya juya ga na bayanta. In ana son a san wanne ne jikan mai mashayar Landan na 1660, wanne ne jikan na ƙarni na 19, sai Hajiya ta dawo washegari da alewar nan biyu a hannu, ta ce a ba ta ashana.